Ranar da na taya uban abokina a gindin Elbrus

Karatun likita ya kai ni Nalcik, a Kudancin Rasha, amma karambani ne ya kai ni koyon Balkaranci. Abokina ɗan ƙabilar Balkar ya ce harshensu, wanda su da Karacai suke yi, ɗan'uwan Turkanci ne, komai a wutsiyar kalma ake liƙa shi. Gida "üy", zuwa gida "üyge", a gida "üyde", daga gida "üyden". Na ce ai wannan wasan yara ne, mu ma dokina da dokinka muke cewa.

Da hutu ya kai ni ƙauyensu, kusa da dutsen Elbrus mai tsayin mita 5,642, wanda suke kira Mingi Tau. Aka cika ni da hicin, wani burodi mai cuku a ciki, da nonon airan. Muna fitowa tsakar gida sai ga doki a ɗaure, baƙi wuluk, gashi na sheƙi. Ni kuwa Bakatsine, jikan masu hawan sallah, nan take hankalina ya tashi.

Ga inda gizo ke saƙar. Doki "at" ne, uba kuma "ata". Dokinka "atıng", ubanka "atang". Wasalin nan na tsakiya, da suke rubutawa ы, babu shi a Hausa, kuma duk sanda na nufe shi bakina sai ya zame ya faɗa kan "a".

Na gyara murya, na dubi abokina a gaban mahaifinsa, dattijo mai tumbi da hular fatar tunkiya, na ce: "Atang bek semizdi!" Wato ubanka ya yi ƙiba ƙwarai.

Wuri ya yi tsit. Ni a zatona daɗin lafazina ne ya kashe musu baki, don haka na ƙara wuta: "Atangı satamısa?" Za ka sayar da ubanka?

Abokina ya sulale ƙasa riƙe da ciki. Da ya samu numfashi ya fassara mini da Rashanci, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A Katsina "ubanka" kaɗai ya isa a naɗe hannun riga, ni har da ciniki.

Dattijon ya shafa tumbinsa, ya yi wata magana a hankali. Wai in fara faɗin abin da zan bayar, in ya so ya yi shawara da uwargida.