Ni da Jar Akuya a Ɗakin Ajiya

Tela a watan Disamba ba mutum ba ne, keken ɗinki ne mai numfashi. Nowel na ƙaratowa, atamfa da shadda sun cika min shago a Sabon Gari, kowa na rantsuwa nasa ne na gaggawa. Addu'ata duk ta koma "Ubangiji, ka san komai" a bayan kabu-kabu, amin ɗin ma sai mun tsallake rami.

Ran Lahadi Fasto ya buɗe Markus 1:35, inda Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa don ya yi addu'a. Ya ce wanda gari guda ke nema ma ya samu lokaci, balle mai ɗinkin wando. Majami'a cike take, amma ni ya kalla.

Sai na ɗaura aniya. Agogo ba matsala, ladanin masallacin layinmu bai taɓa makara ba. Da kiran farko na lulluɓa da bargo, na ɗauki tocila da Littafi Mai Tsarki, na haɗa da kundin awo don in sa wa masu ɗinki albarka suna bayan suna. Na shige ɗakin ajiya na sa sakata, yadda Matiyu 6:6 ta ce. Na zauna kan buhun gero, na kashe tocila, na runtse ido.

Ashe kasuwar a cikin kaina take ci. Ina cewa "Ya Uba" sai hannun rigar Hajiya ya faɗo min. Na kore shi, jaka biyar ɗin da wani ya riƙe min tun bara ta shigo. Na kore ta, sai ga kuɗin zare, sai yaron shagon da ke yanka yadi kafin ya auna. Da ƙyar dai na samu zuciya ta kwanta, kuma gaskiya akwai daɗi, har kafaɗuna suka sauka.

Can na ji wani ɗan motsi, a hankali, ƙurus, ƙurus. Na tuna annabi Iliya a dutsen Horeb: ba cikin iska ba, ba cikin girgizar ƙasa ba, ba cikin wuta ba, sai ƴar siririyar murya. Tsigar jikina ta tashi. Na ƙara matse ido na ce, "Yi magana, bawanka na ji." Sai numfashi mai ɗumi a ƙeyata, da warin dusa.

Jar akuyar uwargida ce. An kwanar da ita a nan saboda sanyi, ba wanda ya gaya min. Littafi Mai Tsarki ko shinshinawa ba ta yi ba, amma kundin awo ta cinye rabi, da ƙugun mutane da tsawon ƙafarsu.

Uwargida ta leƙo, ta dubi akuya, ta dube ni. "Maigida, kai ka rufe ido, ita ta buɗe baki. Kowa da ibadarsa."

Waɗanda na samu a waya na sake auna su. Wani dattijon ikilisiya kuwa ya tafi ƙauye wajen Tibiri, sai na yi masa ɗinki da ƙiyasi. Ranar Nowel shi aka ba karatu. Ya hau bagade wandonsa a tsakiyar ƙwauri, safa duk a waje, ya gyara tabarau, ya lalubo ni cikin jama'a, sannan ya buɗe Zabura 46 aya 10: "Ku yi shiru."

Ko tari ban yi ba har aka tashi.