Sanin sunan adon magana daban, jin sa daban

A nan Ingila hunturu ne ke tara mu da yaranmu a teburi ɗaya, don ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. A irin wannan yammaci na zauna kusa da 'yata mai shekara 15, tana shirin jarrabawar adabin Ingilishi ta GCSE, wadda 'yan sakandare ke yi a nan. Waƙa ce a gabanta, ga alƙaluma kala huɗu. Inda aka ce abu kaza kamar abu kaza, ta shafa ruwan ɗorawa. Inda kalmomi suka jeru da sauti ɗaya a farkonsu, ta shafa kore. Kafin shayina ya huce takardar ta koma kamar atamfa. Na ce, "To, me ke damun mai waƙar nan?" Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Umma, bari in gama nemo dabarun tukuna."

Maganar ta tsaya min a rai, domin ni ma ta wannan hanya aka bi da ni. Lokacin da muke shirin WAEC a Katsina, haddar sunaye muka yi: simili, metafo, oksimoron, onomatofiya. A ba ka layi ɗaya, ka zaɓi amsa tsakanin A da D. Mun haddace cewa in Bature zai ce ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ya ce ana zubo da kuliyoyi da karnuka. Shekaruna a ƙasar nan sun haura goma, ban taɓa jin maƙwabcina ya faɗi haka ba.

Gaskiya makarantun nan sun fi namu ta fuska ɗaya. Malamar 'yata ta dawo mata da wani aiki, a gefen kowane suna da ta lissafa an rubuta da jan biro, "To sai me?" Ma'ana, kin gano kamantawa ce, amma me ta yi wa mai karatu, me ya sa aka zaɓi wannan kalma aka bar waccan? Tun 2017 da aka koma bayar da sakamakon GCSE da lambobi daga 9 zuwa 1, ba a shiga jarrabawar adabi da littafi. Yaro zai riƙe wasan kwaikwayon Shekisfiya guda a ka, da ƙagaggen labari na ƙarni na 19, da waƙoƙi 15 a tsarin da makarantarsu ke bi, sannan a ɗora masa waƙar da bai taɓa gani ba ya feɗe ta nan take. Wanda ya tsaya ga jera sunaye ba ya yin nisa. Mu ba a taɓa tambayarmu "to sai me" ba.

Amma duk da haka ina ganin an fara gini daga rufi. Sunayen nan yawancinsu na Girkanci ne, yaron Ingila ma baƙi ne a bakinsa. Metafo, wato siffantawa, asalinta ɗaukar abu daga wani wuri zuwa wani, har yau a Girka ana rubuta kalmar a jikin motocin dakon kaya. Suna ne da aka raɗa wa abin da mutane suka daɗe suna yi da baki. Kunne ne ya kamata ya fara sanin abin, suna ya biyo baya.

A nan ne nake ganin Bahaushe yana da dukiyar da bai san darajarta ba. Ban kai shekara bakwai ba na san shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya tsintsiya ce, na san baba na ɗaka gemu na waje wuta ce da hayaƙi. Ba wanda ya ce min siffantawa ake yi. A dandali muka karya harshe da turmi ture kura, kura ture turmi, abin da 'yata ke shafa wa kore ke nan. Muka ji ana yi wa Kano kirari da tumbin giwa, aka kira wani ɗan uwa mai wuyar sha'ani ƙadangaren bakin tulu, kowa ya gane in an taɓa shi tulu zai fashe, in an bar shi ruwa zai ɓaci. Mai dogon hannu ba a auna hannunsa, mai farin jini ba a duba jininsa. Sunayen ma muna da su: kamantawa, siffantawa, kambamawa, mutuntarwa, dabbantarwa, ga kuma tashbihi da isti'ara da kinaya na masu karatun balaga a zaure. Abin takaici, da yawanmu mun san na Turanci ba mu san waɗannan ba.

Wani abu da ya faranta min rai, tsohuwar waƙar Ingilishi ta kafin 1066 ba da amsa-amon ƙarshen layi ake ɗaure ta ba, da maimaita sautin farkon kalma ne. Kuma mawaƙansu kan kauce wa sunan abu, su kira teku titin manyan kifaye. Da na karanta haka sai na ji kamar maroƙi ne a ƙofar fada.

Adon maganar da ya fi amfanar baƙo a ƙasar nan kuwa ba shi da launi a cikin alƙaluman 'yata. Shi ne rage magana. A wurin aiki na taɓa kawo wata shawara a taro, shugabarmu ta yi murmushi ta ce shawara ce mai ban sha'awa ƙwarai, za a riƙe ta a zuciya. Wani abokin aikina, shi ma baƙo, har ya taya ni murna a bakin ƙofa. Ni kuwa tun kafin ta rufe baki na san an binne maganar. Haddar WAEC ba ta taimake ni ranar ba. Tasowa a gidan yawa ce ta taimake ni, inda mace za ta tsaya tsakar gida tana yi wa kaza faɗa, alhali kowa ya san da wa take. Wanda ya girma da habaici da gugar zana ya saba sauraron abin da ke ƙarƙashin magana.

Bambancin dai shi ne inda kowa ke ragewa. In Bature ya ce aikinka ba laifi, sau da yawa yabo ne babba, in ya fara da "cikin girmamawa" to musu ne ke tafe. Mu wurin yabo muke kambamawa, mu mai da mutum giwa ko zaki, amma wurin ciwo muke ragewa. Na taɓa raka wata dattijuwa 'yar garinmu asibiti ina mata tafinta. Ta kwana uku ba ta runtsa ba, likita ya tambayi jiki, ta ce "da sauƙi". Da na juya masa kalmar yadda take, da paracetamol zai sallame mu. Sai da na bayyana masa cewa a wurinmu mara lafiya ba ya cewa komai sai haka, godiya ce ga Allah da kunya, ba rahoton ciwo ba.

Shi ya sa nake roƙon iyaye 'yan uwana da ke waje, kada mu ɗauka ba mu da abin bayarwa a darasin Ingilishi don lafazinmu bai yi irin na yaranmu ba. Na daina tsoron takardun 'yata. Yanzu kafin ta taɓa alƙalami sai ta karanta min waƙar da ƙarfi sau biyu, ta gaya min da Hausa, ko da gurguwa ce, wa ke magana kuma me ke cin ransa. In ta kawo misalin Turanci, in ba ta namu.

Ranar Lahadi da ta wuce muna waya da mahaifiyata, na sa murya a fili. Can Hajiya ta ce, "Ki gaishe min da Baturiyar nan ta gidanki, na ji an ce wayoyin Ingila ba sa iya kiran Katsina." 'Yata na wanke kwanuka, ta tsaya cak, ta juyo. "Umma, da ni Hajiya take, ko?" Ta goge hannu a jikin siket ta karɓi wayar, ta ce, "Hajiya, ina wuni, tuba nake."