Ba raƙumi ne ya kawo hamada ba

Tun jiya maganar da wani mutum ya yi a wurin taro ta tsaya mini a rai. Wai a tattara masu kiwon raƙuma a killace su wuri guda, don yawonsu ne ke cinye daji. Har da masu tafa masa! Wallahi raina ya ɓaci.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli taguwa tana kiwo ba zai faɗi haka ba. Za ta miƙa wuya ta tsinki ganyen aduwa, ta taɓa farar ƙaya kaɗan, ta yi gaba. Tafin ƙafarta mai taushi ne, ba ya farfasa ƙasa. Tafiyar nan ita ke ba daji hutu har ya sake toho. Ka tsare garke a bakin rijiya ɗaya, ka dawo baɗi ka gani ko za ka tarar da tsinke.

Tsakanin 2020 da 2023 damina biyar a jere ta gaza a Somaliya da Habasha da Kenya, dabbobi miliyoyi suka mutu. A arewacin Kenya, makiyayan da suka gaji shanu kaka da kakanni suna komawa kiwon raƙuma, saboda taguwa tana ba da nono ko lokacin da saniya ta kasa tashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2024 ga dangin raƙuma, 2026 kuma ga makiyaya da filayen kiwo. Mu kuma muna nan muna kiran abin ƙauyanci.

Na san za a ce rikici da manoma fa? Wa ya nome burtali? Wa ya kewaye mashaya? A buɗe musu hanya, a gyara rijiyoyi, a kai musu likitan dabbobi can inda suke. Taguwa wata 13 take ɗauke da ciki, haihuwa ɗaya a shekara biyu. Idan cutar sammore ta kashe ta, wahalar shekaru ce ta tafi. Hanya suke nema, hanya kawai.

Af, ga wani abin da ke damuna: har yau ana gaya wa yara wai ruwa ne a cikin tozon raƙumi. Kitse ne. Don Allah malaman firamare, a gyara wannan.