Hoton takarda a cikin PDF, wai a gyara

Duk mai shagon buga takardu a Maraɗi ya san wannan ciwon kai. Mutum ya shigo da wayarsa ya ce, "Malam, ga PDF ɗina, canza mini lambar waya kawai." Ka buɗe a kwamfuta, ka tarar hoton takarda ne da aka ɗauka bisa tabarma, har da inuwar yatsa a gefe. Ka ce sai an sake bugawa daga farko, ya ɓata rai, wai kuɗinsa kake so.

Jama'a, tun da kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993, manufarsa ita ce takarda ta buɗe iri ɗaya a kowace na'ura, layi bai goce ba, tambari bai motsa ba. Ba don a riƙa yi mata kwaskwarima aka yi ta ba. Wadda aka fitar daga manhajar rubutu ta Word da sauƙi, rubutu ne a ciki, ana iya kwafa, ana iya neman kalma. Amma wadda aka ɗauka da waya hoto ce zalla, kwamfuta ba ta ganin harafi ko ɗaya sai an bi da ita ta manhajar gane rubutu, ita ma takan yi shirme da ƙ da ɗ.

Sai masu wayo, waɗanda ke goge jpg a ƙarshen sunan fayil ɗin hoto su rubuta pdf. Ba zai buɗe ba, Alhaji! Kuma asalin fayil ɗin Word da za a gyara cikin minti ɗaya, in ka tambaya, sai a ce yana wayar ƙane a Damagaram.