Harsashi Bai San Guru da Laya Ba

'Yan'uwana matasan birnin Kano, akwai maganganun da ake yawan yi a majalisa game da bindiga waɗanda ke jefa rayuka cikin halaka, kuma mafi muni a cikinsu ita ce maganar maganin bindiga. Saurayi zai ɗaura guru, ya sha tsimi, ya ce ƙarfe ba ya cin sa, har ya nemi abokinsa ya gwada shi. Don Allah kada ku bari a yi wannan gwaji da jikinku, kada kuma ku yarda a miƙa muku bindigar.

Harsashin AK-47 yana fita da gudun da ya kai mita 700 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya shiga jiki, ɓarnarsa ba ta tsayawa a hudar da ya yi, domin ƙarfin shigarsa yana buɗa naman da ke kewaye, ya yayyaga wurin da bai ma taɓa ba, musamman hanta wadda ba ta jure irin wannan miƙewa. Idan ya ci karo da ƙashi kuwa, sai ƙashin ya tarwatse, gutsattsarinsa su yanka jijiyoyi. Shi ya sa ramin da ake gani a fata bai fi kan ɗan yatsa ba, alhali jini yana ta taruwa a ciki ko a ƙirji. Harsashin da aka harba sama a wajen biki ma yana dawowa ƙasa da ƙarfin da zai iya fasa kan yaro.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa, "Ai da sauƙi, a ƙafa ne." A cinya akwai babbar jijiyar jini wadda idan ta tsinke, mutum na iya cikawa cikin 'yan mintuna yana magana da ku.

Saboda haka idan an harbi wani a gabanku, kada ku tono harsashin kamar yadda ake yi a fim, kada ku zuba toka ko ƙasa a raunin. Ku danne wurin da tsumma mai tsabta da iya ƙarfinku, ku garzaya da shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ba tare da ɗaga hannu daga raunin ba. Kada tsoron 'yan sanda ya tsayar da ku, domin dokar da aka sanya wa hannu a 2017 ta wajabta wa kowane asibiti a Najeriya ya karɓi wanda aka harba ko da babu takardarsu.