Ranar da Na Yi wa Bayan Gida Rabin Aski

Duk wanda ya taɓa yin watan Agusta a Kaduna ya san ciyawar garin nan ba ta da kunya. Gidan da muke haya a Malali irin tsofaffin gidajen ma'aikata ne, ɗakuna ƙanana, fili a baya har da na banza. Da zarar ruwa ya zauna sai harƙiya da kyasuwa da aya-aya su haɗa kai su mamaye shi, tafasa na gindin katanga tana ba su goyon baya. Sauro ya samu masauki, kwaɗi su buɗe makarantar dare, uwargida kuma ta fara zancen maciji tun ba a ga ko saɓarsa ba.

Shekara da shekaru wani dattijo ne ke raba mu da ita, Baba mai lauje muke ce masa. Ya zo a kan kekensa, ya tsuguna ya yanke, ya ɗaure dami ya kai wa tumakinsa, ni kuma in ba shi na goro. Sai aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Baba ya zo ya ce kuɗin aikinsa ya ninka.

Na ce, "Baba, laujen ne ke shan fetur ko keken?"

Ya ce, "Cikina ne, ɗana. Masarar da nake zuba masa a mota take zuwa."

Na rasa abin cewa, na biya. Amma na ƙulla a raina cewa wata rana sai na nuna wa wannan tsoho zamani ya wuce lauje.

Ana nan, ƙanin matata da ke sayar da kayan Beljiyam, firji da injin wanki da makamantansu, ya bugo mini waya. "Yaya, wani abu ya fito daga kwantena, kai na fara tunawa." Na je na tarar da injin yankan ciyawa, kore shar, taya huɗu, da jaka a baya. Babu tanki, babu igiyar ja, babu fulogi, babu zancen baƙin mai. Batir kawai ake zura masa a ka, mai bolt 40, girmansa bai wuce ƙaramin biredi ba. Yaron ya ce daga Amurka yake, kuma caji ɗaya yana yin sama da rabin awa. Kuɗin da na biya, har yau rabinsa uwargida ta sani.

A Keke muka kawo shi, hannunsa ya leƙo waje, yara na bin mu da gudu. Ban gama sauke shi ba wata yarinya daga maƙwabta ta yi sallama da roba cike da jiƙaƙƙen wake, wai mamanta ta ce nawa ne markaɗe. Na ce ta je ta gaya wa mamanta ba mu fara ba tukuna.

Da yamma aka kawo wuta. Na jona caja a bango ina murmushi. Ta yi wani ɗan "fus", hayaƙi siriri ya fito ta hancinta, falo ya cika da warin ƙonanniyar roba. Ɗana Abba, wanda ke aji biyar kuma yake ganin duk gidan shi kaɗai ya iya karatu, ya juya bayanta ya karanta da ƙarfi: bolt 120. Tamu wutar 230 ce. Ni dai har gobe ina ganin wanda ya rubuta magana mai muhimmanci haka da ƙananan baƙaƙe, a ƙasan caja, inda sai ka kwanta ka gani, shi ya kamata ya biya.

Washegari sai Panteka. Mai gyaran ya buɗe ta, ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Oga, ka ba jariri tuwon dawa." Ya canza abin da ya ƙone, ya haɗa ni da wata 'yar taransifoma mai rage ƙarfin wuta, nauyinta kamar zai cire mini kafaɗa. Ya ja mini kunne: caja ta bi ta cikinta, kada ta ƙara ganin bango ido da ido.

Daga nan aka shiga jiran wuta. A gidanmu idan aka kawo ta akwai layi, kuma ba ni ne a gaba ba. Firji ne babba, sai injin jan ruwa, sai dutsen guga na kayan makaranta, sai wayoyi da fitilu. Batirina ya shigo a matsayin amarya, ba wanda ya yi masa lale. Akwai daren da na tashi cikin sanyin asuba na sanɗa na cire firji na jona shi. Ƙarar firjin na tsayawa sai na ji murya daga ɗaki: "Baban Abba, mayar." Matar da ko tsawa ba ta tashinta. A haka dai, yau kaɗan gobe kaɗan, fitilu huɗun da ke jikinsa suka kama kore gaba ɗaya.

Na sa ranar Asabar. An kwana ana ruwa, ciyawa ta sha ta ƙoshi, ta kawo mini gwiwa, wani wurin har cinya. Na sa tsohon wandon motsa jiki da takalmin ruwa. Maƙwabcina Alhaji ya fito da kujerar roba da rediyonsa, ya zauna ta inda katangarmu ta rushe. Yaran layi suka jeru a kan abin da ya rage na katangar.

Na zura batir, ya yi "ƙas". Na danna maɓalli. Shiru. Na sake dannawa, na jijjiga shi, na ɗan harbi taya. Shiru. Alhaji ya rage rediyo don ya ji shirun da kyau. Abba ya duba a wayar uwarsa ya ce akwai wani ɗan mabuɗi na roba da ake sakawa kusa da batir, an yi shi ne don kada yara su tayar da injin, in babu shi ko motsi ba zai yi ba. Aka bazama nema. An ɗaga katifa, an zazzage jakata, an zargi mai Keke da bai ji ba bai gani ba. Can sai ga autarmu Ummi ta fito daga ɗaki da 'yar tsanarta a goye, jan mabuɗin na lilo a wuyan 'yar tsanar, an zura masa zare an yi sarƙa. Sai da na biya fansar alawa biyu aka sako shi.

Ashe ma dannawa kaɗai ba ta isa. Sai ka riƙe maɓallin, ka jawo wani ƙarfe ka haɗa da hannun injin, kana saki ya mutu. Na yi yadda aka ce, ya ɗauki wani ɗan gurnani mai laushi.

Alhaji ya ce, "Malam, ya tashi ne?"

Na ce, "Ya tashi, Alhaji."

Ya ce, "To ina ƙarar? Inji ba ƙara, ba hayaƙi? An cuce ka."

Akwai wani hannu a gefen taya da ake saita tsayin yanka da shi. Na danna shi har ƙasa, don burina bayan gidana ya koma filin wasa na Ahmadu Bello ranar da za a buga babban wasa. Na yi bismilla na tura shi cikin kyasuwa. Taku uku ya yi, gurnanin ya koma nishi, nishin ya koma shiru. Yara suka yi tafi, sun ɗauka an gama.

Abba ya ce a cire batir da mabuɗi kafin a taɓa ƙasansa, wuƙar ba ta san mai gida ba. Wannan karon ban yi musu ba. Muka kwantar da shi a gefe. Cikinsa ya cushe da wani koren kwaɓi mai ɗumi, ya manne a bango, ya naɗe wuƙar, ya toshe hanyar da ke kai wa jaka. Warinsa ɗanye, kamar zai shiga ido. Na sa yatsu na ƙwaƙulo shi dunƙule-dunƙule har gwiwar hannuna ta rine. Ina cikin haka ɗan malamin namu ya ci gaba da karatu daga waya: wai ba a yankan jiƙaƙƙiyar ciyawa, kuma ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a yanka ɗaya. Na ce ya tambayi wayar ko wanda ya rubuta ya taɓa zuwa Kaduna da damina. Mu nan idan ka jira ciyawa ta bushe, sai Nuwamba.

Na ɗaga saitin zuwa ƙololuwa, na dinga ɗaga gaban injin ina sauke shi a hankali a kan ciyawar, ina ci rabin faɗi rabin faɗi. Tsakani da Allah, a nan ya fara nuna kansa. Bayana sai ga hanya shimfiɗe, lumui, ƙamshin sabon yanka na tashi, babu hayaƙin da zai shaƙe ka, har ina jin labaran da rediyon Alhaji ke karantawa. Kafaɗuna suka buɗe. Na fara tuƙi da hannu ɗaya a inda ciyawar ba ta da kauri, ina ɗaga wa yara ɗayan.

Filin da aka shekara ba a tsince shi ba yana da ajiya. Wuƙar ta fara da silifas ɗin Ummi da muka yi wata muna nema, ta mayar da shi tsaki. Sai ta ɗauki wani dutse ta harba. Na ji "ƙwal", na waiga, butar alwalar Alhaji da ke gefen kujerarsa tana tsiyaya ta ciki. Alhaji ya dubi butar, ya dubi ƙafarsa da ke kusa da ita, ya ɗauki kujera ba tare da ya ce uffan ba ya koma can bayan bishiyar mangwaro. Na kori yaran daga katanga, suka koma leƙe ta ƙofa.

Sai na iso kusurwar da ke bayan kicin. Wurin ya fi ko'ina kore, ganye ya yi lif-lif, injin ya shige shi ba gardama, har na ji daɗin yadda yake ci. Wani ƙamshi ya bugi hancina, ƙamshin lemun tsami da ɗoɗɗoya, na ce kai, ciyawar nan 'yar gayu ce. Ina juyowa na ga uwargida tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Baban Abba, me ka yi?"

"Aiki nake."

"Yakuwata ce. Da lalo. Da alayyahu. Wancan kututturen da ka bari ciyawar shayi ce, daga Zariya Hajiya ta aiko mini da ita."

Na ce ai da an kafa alama. Ta nuna mini da ludayin: sanduna huɗu da igiyar leda da ta kewaye wurin da su, suna cikin jakar injin, an niƙa su tare da miyar sati biyu.

Ban samu damar kare kaina ba, don a daidai nan fitilar ƙarshe ta batir ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu. Rabin awar da aka yi mini alkawari ashe ta gajeriyar busasshiyar ciyawa ce, tamu ta shanye cajin tun ba a je ko'ina ba. Na tsaya na dubi filin. Gefe guda ƙwal, gefe guda gashi buzu-buzu, ga wata hanya ta ratsa tsakiya a karkace, sak kan yaron da aka ɗauke wuta yana kujerar mai aski.

Allah Ya sa akwai wuta a lokacin. Na ruga da batir na ɗora a caja, sai ta hau ƙyafta jan ido. Ya yi zafi, kuma irin wannan batir ba ya karɓar caji sai ya huce, haka aka ƙera shi don kada ya lalace ko ya kama wuta. Na nufi firji da shi, kallon da aka yi mini ya sa na canza hanya. Na ajiye shi a inuwa ina yi masa fifita da murfin kwali. Ya huce kuwa. Ina ɗaukarsa, fankar falo ta fara rage gudu.

Ranar ba a dawo da wuta ba, washegari ma haka. Ciyawar da na aske ta fara tsiro, wadda ban taɓa ba ta fara fitar da kai. Daga ƙarshe na ɗauki galan na je gidan mai, na dawo na tayar da janareta, na jona taransifoma a janareta, na jona caja a taransifoma, na ɗora batir a caja. Unguwa ta cika da ƙara da hayaƙi. Alhaji ya leƙo ta katanga fuskarsa a sake ya ce, "Yauwa Malam, yanzu na ji ya tashi." Uwargida kuwa ta zo ta tsaya a kaina, ta dubi galan, ta dubi batir, ta tambaye ni cikin ladabi ko wannan ne injin da ba ya shan fetur.

Ita ce ta aika aka kira Baba mai lauje, ba ni ba. Ya jingine kekensa, ya zaga filin hannu a baya. Ya je inda na juye abin da ke cikin jaka, ya cusa hannu a tsibin, ya zaro da sauri. Ya yi zafi a ciki, ya fara tsami.

"Wannan ko akuyar maƙiyi ba na ba wa. Kumburin ciki ne. Ka ɓata abincin bayin Allah, ɗana."

Sannan ya duba injin sama da ƙasa, ya shafa wuƙar da babban yatsa, ya ce dutsen nan ya dakusar da ita, amma zai wasa mini. Shawararsa ita ce shi ya fara shiga da lauje ya kwashe dogayen, in rana ta ɗan busar da wurin ni kuma in bi baya da abin nawa in daidaita. Haka muke yi yanzu, kuma filin yana kyau, har masu wucewa na leƙowa. Kuɗinsa ya ƙaru, don ya ce gyaran askin da wani ya fara ya fi sabon aski wuya, ga kuma na washin wuƙa. Na sayi sabuwar buta. Yakuwa da lalo daga kasuwa nake kawo su har ƙarshen damina, ciyawar shayin kuma ta sake tohowa da kanta, ko da yake ba a yarda a sa wannan a lissafina ba.

Jiya Alhaji ya aiko ɗansa, wai in ara masa injin ranar Lahadi, akwai gonarsa ta hanyar Kachia da ciyawa ta cinye, kadada biyu ce kawai. Na ce a gaida shi, a ce masa ni ba ni da matsala, amma mabuɗin yana wurin Ummi, sai su daidaita.