Mu ma mu riƙa gayyato masana da kuɗin aljihunmu

Ranar 19 ga Yulin 2001, a cikin rairayin Jurab da ke arewacin Cadi, wani matashi mai suna Ahounta Djimdoumalbaye ya hango ƙoƙon kai a ƙasa. Ƙoƙon nan, na wata tsohuwar halitta mai kama da ɗan'adam, shi ne wanda daga baya aka raɗa wa suna Tumai, masana suka ƙiyasta shekarunsa sun kai miliyan 7. Mutum huɗu ne suka yi wannan fita, 'yan Cadi uku da Bafaranshe ɗaya. Aka ɗauki ƙoƙon zuwa Faransa, can aka yi nazarinsa, mujallar Nature ta buga sakamakon a 2002. Sunan Ahounta yana cikin jerin marubutan, ta nan kam ba a danne masa haƙƙi ba. Amma ka tambayi duk wanda ya taɓa jin labarin Tumai, sunan Farfesa Michel Brunet na Faransa, shugaban aikin binciken, zai fara kawo maka.

Ba cin mutuncin Brunet nake yi ba, ya sha rana da ƙishirwa a hamadar nan shekara da shekaru. Abin lura shi ne yadda harkar ke tafiya. Wanda ya zo da mota da kuɗin mai, kuma ɗakin gwaje-gwaje ke hannunsa, shi ke zaɓar abin da za a bincika, shi ke ajiye abin da aka samo, sunansa ke tashi. A Garwa da Marwa, nan arewacin Kamaru, mun san ɗaliban da suka yi watanni suna yi wa baƙon masani tafinta, daga Fulatanci ko Hausa zuwa Faransanci, suna shigar da shi gidajen da shi kaɗai ba zai iya leƙawa ba. Littafi ya fito a Turai, ko kwafi ɗaya bai iso ɗakin karatun garin da aka yi aikin ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da gwamnatin Kamaru za ta ware asusu na musamman, wanda jami'o'in arewa uku za su riƙa gayyato masana daga waje da shi: ta Ngaundere da ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ta Marwa da aka kafa a 2008, da ta Garwa da aka ƙirƙiro a 2022. Mu kira baƙon, mu biya masa tikiti da masauki da alawus, mu faɗa masa abin da ke damunmu.

Ƙasashen da suka fi mu masana ma haka suke yi. Jamus na kashe kuɗin gwamnati kan gidauniyar Humboldt tun 1953 don masanan wasu ƙasashe su zo su zauna a jami'o'inta. A watan Mayun 2025, bayan gwamnatin Trump ta fara datse kuɗin bincike a Amurka, Tarayyar Turai ta sanar da ware Yuro miliyan 500 don jawo masu bincike, Faransa ta ce za ta sa miliyan 100 nata na kanta, wato sama da sefa biliyan 65. Ba sadaka suke yi ba. Sun san masani ba ya zuwa shi kaɗai, yana tafe da dabarunsa da abokan hulɗarsa, kuma in ya tashi tafiya yakan bar ɗalibai da suka koyi aiki a hannunsa.

Na san abin da malaman jami'a za su ce mini, kuma suna da gaskiya a rabin maganar. Alawus ɗin bincike da aka fara biyansu tun 2009 yakan yi jinkiri har ƙungiyarsu ta SYNES ta kai ga yajin aiki. Wuta na ɗaukewa, intanet na rarrafe, wasu ɗakunan gwaji sunan kawai suke amsawa. Ta yaya za ka kira baƙo alhali 'yan gida na kwana da yunwa? Amsata ita ce a fara biyan na gida haƙƙinsu, wannan ba abin ciniki ba ne. Amma kada a ce babu kuɗi. Gwamnatin nan ta ranto kusan sefa biliyan 75 daga Sin don shirin da aka raba wa ɗalibai kwamfutoci 500,000. Kashi ɗaya cikin ɗari na wannan kuɗin miliyan 750 ne, kuma da shi za a iya saukar da baƙi da dama na tsawon wata uku zuwa shida, shekara bayan shekara. Tarayyar Afirka ta daɗe tana kiran mambobinta su kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan bincike, Kamaru da Cadi duk ba su kai ba.

Sai maganar wane ne baƙon. Da an ce masani daga waje, hankalinmu sai ya tafi ga Bature. Wannan kuskure ne, musamman a yanzu. Tun da aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza a Fabrairun 2013, ƙasashen Turai ke gargaɗin mutanensu kada su shiga yawancin jihar Arewa Mai Nisa, da wuya jami'o'insu su bar malami ya zo. Alhali ga Maiduguri nan, ga Yola, ga Kano, ga Njamena da gadar Kuseri kaɗai ta raba mu da ita. Masanin ruwa daga Maiduguri ba sai an yi masa bayanin zafin watan Afrilu ba, zai ci tuwon dawa, zai yi hira da manomi ba tare da tafinta ba, kuɗin kawo shi kuma bai kai na tikitin jirgi daga Paris ba.

Matsalolinmu ma ba su san iyaka ba. A watan Satumban 2024 ruwa ya ci Yagwa, a wannan watan dai madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo da ke Kamaru, mutanen Adamawa da Binuwai a Najeriya ke kwana ido biyu, sai a koma zargin juna a jaridu. Da masanan Garwa da na Yola suna zaune a ofis ɗaya suna auna kogin Binuwai tare, da gargaɗi ya riƙa isa kan lokaci. Haka Tafkin Cadi, wanda ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin fari ya cinye mafi yawansa. Haka masakuwa, dawar rani da ake dasawa a laka bayan ruwa ya janye, wadda manoman Jamare, yankin Marwa, da na Borno da na Cadi duk suka dogara da ita. Wata gidauniya a Turai ba lalle ta ga darajar binciken tsutsar da ke cin karan masakuwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai abin da ke yi mini ciwo in na tuna marigayi Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa, wanda ya bi fadojin lamidai yana tattara tarihin baka na Adamawa. Wasu littattafansa a Tokyo aka buga su, ƙarshen rayuwarsa kuma a Jami'ar Maiduguri ya yi shi, har ya rasu a 2004. Maƙwabta sun san darajarsa suka ba shi masauki. Yau 'ya'yanmu irinsa suna warwatse a Kanada da Jamus da Faransa, da yawansu za su so dawowa su koyar na zango ɗaya in an kira su da mutunci. Kuma mun taɓa ganin amfanin zaman baƙi da 'yan gida: haɗin gwiwar Ngaundere da Jami'ar Tromso ta Norwe, da aka soma a shekarun 1990, ya yaye malamai da dama da ke koyarwa a arewa yanzu. Rauninsa ɗaya, kuɗin na Norwe ne, tsawon ransa na hannun mai bayarwa.

In za a kafa asusun, abin da nake tsoro kada ya koma kuɗin taron kwana biyu a otal, a ɗauki hoto a watse. Baƙo ya zauna aƙalla wata uku, ya shiga aji, ya duba aikin masu digirin digirgir. A haɗa shi da malami ɗan gida, sunayensu su fito tare a duk abin da aka buga. Kwafin bayanai da samfurin da aka tattara ya tsaya a jami'ar da ta sauke shi. Zaɓen wanda za a gayyato ya fito daga sashen da ke buƙatarsa a Marwa ko Dang, mazaunin jami'ar Ngaundere, ba daga wani ofis a Yawunde ba, a kuma liƙa sunaye da kuɗin da aka kashe inda kowa zai gani. Kafin ya ɗaure kayansa kuma, a kai shi gidan rediyo ya faɗa wa mutanen da ya yi aiki a cikinsu abin da ya gano, da Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa.